Na'ura Ta Yi Rubutu, Ina Mai Karantawa?

Ran nan da la'asar sakaliya ina zaune a ƙofar gida a Kwaciri, sai ga wani malamin makaranta, maƙwabcina, ya iso da kwamfutarsa a hammata, fuskarsa ba walwala. Da muka gaisa na ce, "Malam, lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau, Baba. Na dai biya kuɗi an rubuto mini wasiƙa, na rasa mai karanta mini ita."

Shi wannan malami kimiyya ya ke koyarwa a sakandare, yana kuma ƙaro ilmi a jami'a. Aikin da ya ɗauka shi ne ya sayi ƙwayoyin maganin zazzaɓin cizon sauro a kantuna dabam dabam, tun daga nan Kwaciri da Rijiyar Lemo har Fagge da Sabon Gari, ya bincika ko abin da ke cikin ƙwaya ya yi daidai da abin da aka rubuta a bayan kwali. Ya kai rabin kayan wani ɗakin gwaje-gwaje aka auna masa. Kafin a gama sai na'urarsu ta tsaya, ya kwashi sauran ya kai wani wuri, inda na'urarsu ta wani kamfani ce dabam. Ko'ina an sallame shi da fayiloli a ɗan filashi. Da ya zo gida zai jera awon nan biyu ya gwama, manhajar da ya ke aiki da ita ta buɗe na farko, ta ƙi na biyu ƙememe.

Na ga ya kamata masu karatu su ji yadda wannan al'amari ya ke, musamman malaman makaranta da ma'aikatan ofis, domin kuwa maganinsa aikin akawu ne kafin ya zama aikin masani.

Abin da na'urar ke aunawa

Kowa ya san bakan gizo. Wajen shekarar 1300 wani malami Bafarishe, Kamaluddin al-Farisi, ya cika ƙwallon gilashi da ruwa ya sa a rana, ya nuna yadda ɗigon ruwan sama ke karya haske ya fid da launuka. A 1666 Isaac Newton na Ingila ya yi irin wannan da gilashi mai kusurwa uku. A 1814 wani maƙerin tabarau na Jamus, Joseph Fraunhofer, ya duba bakan hasken rana da kyau, ya tarar da baƙaƙen layuka sirara fiye da 500 a cikinsa. Ba a san ma'anarsu ba sai a 1859, sa'ad da Kirchhoff da Bunsen suka gane a Heidelberg cewa kowane sinadari yana da nasa layukan, ba ya tarayya da wani. Tsofaffin akawunan En'e sun san ranar biyan albashi, yadda leburan da bai iya sa hannu ba ya kan dangwala yatsa, kuma dangwalen wani ba ya zama na wani. To, haka kowane abu ya ke da dangwalensa a cikin haske. A 1928 C. V. Raman ya gano wata hanyar kuma a Kalkata ta ƙasar Indiya, wadda ta jawo masa kyautar Nobel a 1930.

Kada a ɗauka wannan ilmi na Turai ne kaɗai. Wajen shekarar 2010 hukumar NAFDAC ta fara fita da wata na'urar hannu mai suna TruScan, wadda ke aiki da hanyar Raman. A kan haska ƙwaya da ita, ta gwada dangwalen da na magani na gaskiya da aka ajiye a cikinta, ta ce ya yi ko bai yi ba. Mu mutanen Fagge mun san abin da wannan ke nufi, gama shekara da shekaru Sabon Gari ce babbar mahadar masu sarin magani a Arewa, kafin a matsa musu a 2024 su koma sabuwar kasuwar Dangwauro a hanyar Zariya. A 2010 ɗin nan kuma, da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, na'urorin hannu masu irin hasken da a ke ɗaukar hoton ƙashi da shi aka riƙa ɗorawa a kan ƙasar tsakar gida, gida gida, don a san wadda za a kankare. A Zariya akwai ƙaramar tukunyar nukiliya ta Jami'ar Ahmadu Bello da ta fara aiki a 2004, ita ma da awon haske a ke karanta sakamakonta. Kuma da shi ɗaliban Jami'ar Bayero ke auna ƙarafan da ke cikin ruwan Jakara, wanda masu lambu ke ban ruwa da shi.

Kowane kamfani da hannunsa

Idan na'ura ta gama awo, abin da ta ke ajiyewa lambobi ne sahu biyu: wane irin haske, da kuma nawa ne daga cikinsa abin ya shanye. Irin na'urar da aka auna wa malamin nan tana aiki da hasken da ke ƙasa da ja, wanda ido ba ya gani sai dai jiki ya ji ɗuminsa. Ma'auninta ya kan tashi daga 4000 ya sauko 400, kuma awo guda ya kan ƙunshi lambobi 1,800 ko fiye. Ban da su akwai bayanin ranar awo, da sunan abin da aka auna, da yadda aka saita na'urar.

Da dai a ce kowa ya rubuta waɗannan a fili, da ba magana. Amma kowane kamfani da irin hannunsa. Na'urorin Bruker na Jamus suna rubuta fayilolin OPUS, waɗanda ƙarshen sunansu lamba ce kurum, 0 ko 1 ko 2. Na Thermo Nicolet suna rubuta SPA. Na PerkinElmer suna rubuta SP. Akwai kuma SPC, wanda kamfanin Galactic na Amurka ya ƙirƙira, kamfanoni da yawa suka ara. Yawancinsu rubutun na'ura ne zalla. In ka buɗe su kamar wasiƙa ba abin da za ka gani sai tarkacen alamomi.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Harshe ɗaya mu ke rubutawa da hannu biyu, ajami da boko. Tun da Dan Hausa, watau Hanns Vischer, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa a 1909, aka sami malamai biyu a gari ɗaya, kowa masani, amma wannan ba ya karanta wasiƙar wancan. Ko yau ma, wanda ya taɓa buga takarda mai ƙ da ɗ da ɓ ya kai wata kwamfuta ya ga sun rikiɗe sun zama akwatuna, ya ɗanɗani kaɗan daga abin da mu ke faɗi.

Me ya sa kamfanoni ke haka? Wani dalilin na gaskiya ne. Da can wurin ajiya a kwamfuta tsada gare shi, rubutun na'ura kuwa ya fi ƙanƙanta da sauri, kuma kowace na'ura tana da bayanan da wata ba ta da su. Wani dalilin kuwa na kasuwa ne, ba sai an ɓoye ba: wanda awonsa na shekara goma ke cikin hannun da manhajarka kaɗai ke karantawa, da wuya ya koma sayen na'urar wani.

Yadda a ke ƙera tafinta

Manhajojin nazarin awon haske da masana ke rubutawa su raba kyauta, irin su hyperSpec da ChemoSpec da SpectroChemPy, an gina su ne kamar fada mai tafintoci. A ciki akwai tsari guda da a ke ajiye kowane awo a kansa. A bakin ƙofa kuma akwai tafinta ga kowane irin fayil, aikinsa ya karɓi baƙo ya juya maganarsa zuwa harshen gida. Saboda haka in sabon fayil ya zo ba a rushe fada, tafinta guda a ke ƙarawa. A 2023 masu manhajar HyperSpy suka ware tafintocinsu gaba ɗaya suka mai da su manhaja mai zaman kanta don kowa ya ara, suka sa mata suna RosettaSciIO.

Sunan nan da ma'ana. A 1799 aka tsinci wani dutse a garin Rashid na Masar, wanda Turawa ke kira Rosetta, ɗauke da sanarwa guda cikin hannu uku. Da ya ke masana sun iya karanta na Girkanci, da shi Champollion ya buɗe rubutun Fir'aunoni a 1822. Haka mai ƙera tafinta ke yi idan kamfani bai ba da bayanin tsarinsa ba. Sai ya roƙi mai na'ura ya ba shi awo guda cikin hannu biyu: fayil na asali, da kuma lambobin nan a fili kamar yadda manhajar kamfanin ta fitar. Ya ɗauki lambar farko ya shiga farautarta cikin tarkacen. In ya same ta, ya san inda sahu ya fara. Sa'an nan ya nemi inda aka rubuta yawan lambobin, da inda ma'auni ya fara da inda ya ƙare. Ya ce a sake awo a canja abu guda tak, ya ga wane wuri ne ya motsa a cikin fayil. Ta irin wannan bin diddigi aka sami tafintocin OPUS na kyauta, waɗanda masu awon ƙasar noma suka matsa a kansu, domin babban ɗakin gwaje-gwajen ICRAF a Nairobi, wanda ya auna ƙasar gonakin Afirka da yawa tun da aka fara shirin AfSIS a 2009, da na'urorin Bruker ya ke aiki.

Fayil ɗin SPC kuwa an bayyana tsarinsa, amma ko shi sai da lura. Gurbi na biyu a goshinsa shi ke faɗin ko wane iri ne. In an ga 75, sabon tsari ne mai goshi na gurbi 512. In an ga 77, tsoho ne mai gajeren goshi. In an ga 76, sabo ne amma an jera lambobinsa ta ɗaya gefen. Wannan na ƙarshe shi ne tarkon da ya fi kama mutane. Kwamfuta tana ajiye babbar lamba a gurabe biyu ko huɗu, kuma masu ƙera kwamfutoci ba su yarda da juna ba a kan wane gurbi ne a gaba, kamar dai mai boko da ke farawa daga hagu da mai ajami da ke farawa daga dama. Gurabe biyu masu ɗauke da 1 da 0, in ka karanta ta nan 1 ne, in ka karanta ta can 256 ne.

Fayil ɗin da ya ƙi buɗewa bai cika ba ni tsoro ba, gama ya faɗi gaskiya, ya ce ban iya ba. Wanda ya fi haɗari shi ne wanda ya buɗe, ya zana kyakkyawan zane, alhali kuwa ƙarya ce. Ga hanyoyin da hakan ke faruwa. Wata na'ura tana rubuta hasken da ya wuce, wata tana rubuta wanda aka shanye. Inda ta farko ta ce kashi 10 cikin 100, ta biyu 1 za ta ce, inda ta ce kashi 1 cikin 100, ta biyu ta ce 2, kuma tsaunin wannan shi ne kwarin waccan. Wata tana jera sahu daga 4000 zuwa 400, wata daga 400 zuwa 4000, in tafinta bai duba ba sai zane ya fito a juye. Wata tana ajiye lambobi ba ɗigo, ta ɓoye abin da za a ninka su da shi a goshin fayil. Wata ba ta faɗin ma'aunin da ta yi aiki da shi, kamar littafin kuɗi na farkon 1973 wanda akawu bai rubuta ko fam ba ne ko naira, alhali fam guda naira biyu ce. Har ma da abin da ke tsakaninmu da 'yan'uwanmu na Nijar: kwamfutar da aka saita da Faransanci waƙafi ta ke sawa inda mu ke sa ɗigo. Abin da malami a Maraɗi ya rubuta 1,250 yana nufin ɗaya da kwata, a Kano sai a karanta dubu da ɗari biyu da hamsin.

Shi ya sa aikin ba ya ƙarewa ran da fayil ya buɗe. Sai an gwama abin da tafinta ya fitar da abin da manhajar kamfani ta fitar, lamba da lamba, a ajiye fayilolin gwajin tare da manhajar, yadda duk ran da wani ya taɓa tafintan za a sake gwadawa.

Hannun da aka yi don kowa

Masana sun daɗe da ganin wannan wahala. A 1988 Robert McDonald da Paul Wilks suka buga ƙa'idar wani tsari mai suna JCAMP-DX, wanda a ke rubutawa da haruffa na sosai, mutum ya buɗe ya karanta da idonsa. Yana farawa da layin ##TITLE= ya ƙare da ##END=, a tsakani kuma kowane bayani da sunansa. Daga baya aka faɗaɗa shi ga waɗansu irin na'urori a 1993 da 1994, ƙungiyar masana sinadarai ta duniya, IUPAC, ta karɓi riƙonsa.

Akwai wata dabara a cikinsa da za ta burge duk wanda ya taɓa riƙe littafin Baitulmali. Don a rage tsawo, ba a rubuta kowace lamba cikakkiya, sai bambancinta da ta bayanta, da haruffa. A ce lambobin su ne 520, 523, 526, 529, 525. Sai a rubuta E20LUm. E tana tsaye a madadin 5, watau 520 ke nan. L tana nufin a ƙara 3. U tana nufin ƙarin nan sau uku ne. Ƙaramar m tana nufin a rage 4. To, amma in harafi guda ya ɓace a hanya, duk abin da ya biyo baya ya karkace. Saboda haka ƙa'ida ta ce lambar ƙarshe ta kowane layi a sake rubuta ta cikakkiya a farkon layi na gaba, kamar yadda akawu ke ɗauko jimlar ƙasan shafi ya sa a saman sabon shafi, Ma'aji ya duba ya ga sun yi daidai. Tafintan kirki ya kan duba wannan lamba, in ta saɓa ya tsaya ya yi ƙara. Malalacin tafinta kuwa ko dai ya tsallake ta bai duba ba, ko kuma, abin da ya fi muni, ya ƙirga ta sau biyu.

Ba zan ce JCAMP-DX ya kashe maganar ba. Kamfanoni da dama suna fitar da shi da irin nasu karin harshe, kuma sau da yawa bayanin saitin na'ura ya kan zube a wurin juyawa. Har wa yau, karanta fayil dabam, gwama awo dabam. Na'urori biyu na iya auna ƙwaya guda su ɗan saɓa, don haka sai an auna abu guda sananne a kan kowacce kafin a amince da gwamin. Tafinta yana kawo maka maganar shaida ne, ba shi ke tabbatar da adalcinsa ba.

Abin da ya rage gare mu

A ganina babban kuskuren yana faruwa ne tun a teburin akawun da ke rubuta takardar sayen kaya. A kan rubuta sunan na'ura da kuɗinta da wanda zai kafa ta, a manta da tambaya guda: da wane hannu ta ke rubutu, kuma wa ya iya karanta shi ban da mai sayarwa? Ya kamata a sa a cikin sharaɗi cewa na'ura za ta fitar da awo cikin buɗaɗɗen tsari ba tare da ƙarin biya ba, a kuma san a hannun wa lasin manhajar ya ke, da abin da zai faru ran da kwamfutar da aka ɗora ta a kai ta mutu. Na'ura ta kan yi shekara ashirin tana aiki, kwamfutarta kuwa ba ta kaiwa. Sa'an nan kowane awo a ajiye shi cikin hannu biyu, na asali da na fili, a wuri biyu, da rajista mai lamba, kamar yadda a ke yi wa fayil ɗin fili a ofishin ƙasa da safiyo. Hoton zane a kan takarda rasit ne kurum, ba ya maye gurbin lambobin.

Ga malaman makaranta kuma akwai wata magana. Yawancin na'urorin da ke ɗakunan gwaje-gwajenmu tsofaffi ne, waɗansu kyauta aka ba mu, waɗansu na hannu ne, waɗansu kuma na ƙananan kamfanoni ne masu araha. Masu rubuta manhaja a Faransa da Jamus ba su da irinsu a gabansu, ba su da fayilolinsu, ba kuwa za su ƙera tafinta ga baƙon da ba su taɓa gani ba. Fayilolin suna hannunmu. Aikin nan ba ya bukatar na'ura mai tsada, sai kwamfuta ko da tsohuwa ce, da ɗan sanin harshen Python ko R, da haƙurin mai bin lissafi layi layi. Yaran da ke koyon kwamfuta a Fagge da Sabon Gari sun isa su yi shi in an nuna musu ƙofa. Wanda bai iya rubutawa ba ma, in ya aika da fayil na gwaji tare da lambobinsa a fili, da izinin a raba shi, ya yi rabin aikin.

Haka muka yi da malamin nan. Wani tsohon ɗalibinsa ya zauna da fayilolin dare uku, ya gane cewa na'ura ta biyu sabon juyi ne na wani tsari da manhajar ta riga ta sani, an dai ƙara wa goshinsa tsawo. Ya gyara, fayil ya buɗe, muka yi murna. Kashegari malamin ya dawo ya ce tsaunukan ba su zauna inda littafi ya ce ba. Ashe sahun a juye ya ke, daga 400 ya fara. Da aka gyara wannan, aka gwama da abin da ɗakin gwaje-gwajen ya fitar, lambobi suka yi daidai har ƙarshe, sa'an nan yaron ya aika wa masu manhajar gyaran tare da fayil biyu na gwaji.

Sai dai akwai kwali bakwai daga cikin na farko waɗanda takarda kawai aka ba malamin, aka ce ya dawo ya karɓi fayilolin. Da ya koma, ya tarar an share kwamfutar wurin gyara. Ƙwayoyin da suka rage masa na waɗannan bakwai ɗin suna nan cikin leda a aljihun teburinsa, yana jiran albashin wata ya sake kai su a auna.